Bebiyar Motar Ilaitia

Litinin, 4 ga Fabrairu

Ilaitia ma ya saya. Shekara talatin da biyu ina gyara masa tasi a garejin nan na garinmu Nausori, yau ya shigo mini da abin da ban ji shigowarsa ba. Ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura ina ɗaure salansa, sai kawai na ga taya a gefen kunnena. Ba ƙara, ba hayaƙi. Na zabura na gwara goshina da ƙarfe, shi kuwa yana tsaye yana dariya har da riƙe ciki.

"Tavale, fito ka gaida amarya!"

Tavale, kalmar yarensu, muke ce wa juna tun muna samari, kamar 'yan'uwan wasa, ko da yake ba abin da muka haɗa sai tsiya. Na ce masa wannan ai bebiya ce, ina injin? Ya ce biyu ne ma, na fetur da na lantarki, ni da nake da baki ɗaya me na tsinana da shi.

Haibirid. Rabin tashar tasi ta koma kanta, kuma duk wanda ya saya sai ya daina biyowa ta ƙofata. Ilaitia ne na farko da ya shigo mini da ita. Raina ya ɓaci, amma na yi masa abin da Abba Rahmat, mahaifina, ya saba yi wa kowace sabuwar tasi, kuma na gada: na yanko tamfol mai kauri, matata Hasina ta kalmashe bakinsa a keken ɗinki, na lulluɓe kujerar baya daga wannan ƙofa zuwa waccan, har ƙasa, na cusa shi ta kowane lungu. Matan kasuwa ba sa tausayin kujera, da kifinsu da ƙaguwarsu da gwazarsu mai laka. Yadda nake ɗaure tamfol, ko iska ba ta samun hanya. Kyauta ce, ba a taɓa biya ba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Nazrin ta zo daga Suva, babban birninmu, cin abinci. 'Yata, shekararta ashirin da tara, ni na koya mata riƙe sufana, yanzu tana wani babban gareji inda ba sa taɓa komai sai irin waɗannan bebayen. Ban gaya mata zancen motar Ilaitia ba. Na kuma harari Hasina kada ta faɗa.

Muna cikin cin roti, gurasarmu ta gida, da miyar kabewa ta saki maganar. Wani gareji a Brisbane, can ƙasar waje, yana son ta. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba da amsa.

"Abba, ba son tafiyar nake ba. Ka ba ni lungun can da tsofaffin giyoyi suke. Lungun kawai."

Na ce muddin ina da rai ba za a gyara rediyo a garejin Rahmat Buksh a kira shi mota ba. Ban san me ya sa na faɗa da ƙarfi haka ba.

Ba ta yi fushi ba, shi ya fi ci mini rai. Ta jawo kofi biyu ta hau yi mini bayani kamar ɗan koyo. Wai kamar shanu biyu ne a garma ɗaya: a hankali cikin gari na lantarki ke ja, na fetur yana hutawa, a kan tudu su haɗu su ja tare, in an taka birki kuwa, injin lantarkin ya juye ya zama janareto, ƙarfin da ke tafiya a banza ya koma cikin batir. Kwamfuta ce ke riƙe da igiyar. Babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma wai zafi ne babban abokin gabarsa. Ta faɗi wasu abubuwan, ni ina ta yagar roti.

Na ce ni da kunne nake gyaran mota. Ta ce ta sani, ai shi ya sa take so mu yi tare.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Mota biyu duk yini. Na share garejin sau uku.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Amarya ta fara hali. Ilaitia ya ce da safe lafiya lau, amma rana na take sai injin fetur ya ƙi yin shiru, ko a tsaye yake sai gurnani, ga shan mai kamar tsohuwar da ya rabu da ita. A hawan Sawani kuma sai ta yi sanyi, ya take totur har ƙasa tana rarrafe.

Gaskiya na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Na buɗe gaba. Rabin abin da na gani na sani, rabin kuwa akwatunan azurfa ne da wayoyi masu kauri ruwan lemo. Na ɗora sukundireba a jikin injin na kafa kunne a ƙotar, yadda nake yi tun ina ɗan sha biyar. Lafiyar injin ƙalau, ko tari babu. Duk da haka na canza fulogi da matatar iska, don kada ya tafi ya ce ban yi komai ba.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

Daga masallaci na dawo na kasa zama. Na je bakin gadar Rewa na tsaya ina kallon motoci, ina ƙirga masu ƙara da marasa ƙara, har na gaji na bari.

Hasina: "Ka kira yarinyar nan mana, Gaffar. Waya ce, ba ta cizo."

Na ce ba yarinyar da za ta nuna mini injin fetur. Ta ce to ai ba injin fetur ne ke ciwo ba, da bakinka ka faɗa. Matar nan tana jin duk abin da na yi gunaguni a banɗaki.

Litinin, 18 ga Fabrairu

Jar fitila ta kama masa a allon gaba. Ta mutu masa a tsakiyar hawan Sawani da mata uku da buhunan gwaza, suka sauka suka tare bas, ɗaya tana gaya masa ya koma tura baro. A tasha an sa masa suna Mai Jiran Iska. Yana ba ni labarin yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Mutumin nan bai taɓa sauke fasinja a hanya ba.

Ya daɗe yana juya makulli a hannu kafin ya ce, "Tavale, ita 'yar tamu fa... ko za ta ɗan leƙa?"

Na san ba zai taɓa tsallake ni ya kai mata ba. A wurin mutanen su Ilaitia abin kunya ne ka wuce ƙofar uba ka je ga 'ya. Da wannan na riƙe shi, kuma ina sane.

"Ka ba ni zuwa Asabar."

"Na ba ka," in ji shi.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Na wanke lagireto, na canza ruwa, na canza baƙin mai wanda bai ko yi baƙi ba. Na bi duk wata ƙaramar waya da na sani. Da la'asar na tsinci hannuna da sufana a kan ɗaya daga cikin masu ruwan lemon nan, saura ƙiris. Sai na tuna Nazrin ta taɓa cewa wutar da ke ciki ta fi ta soket ɗin gida, ba ta ba mutum damar yin salati. Na ajiye sufanar, na zauna a kan taya.

Shekara arba'in ba ƙarfen da ya ba ni tsoro. Ba wanda zan gaya wa wannan sai takarda.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Na ji Hasina a waya tana cewa babban akwatin yana saman kwaba, zip ɗinsa ne kawai ya lalace. Da na shigo ta sauya magana zuwa farashin albasa.

Saura kwana shida wata ya ƙare. Ba abin da ya dame ni. Na kasa cin abinci dai.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Wannan sai na rubuta shi yau.

Na ce wa Ilaitia mu hau Sawani da tsakar rana in ji da kunnena. Ya zo da matarsa Torika, za su kai tabarmi gidan rasuwa a can sama. Ita ce a gaba, ba yadda zan ce ta tashi. Sai na shiga baya. Ni da ko a motar aurena gaba na zauna kusa da direba ina sauraren inji.

Zafi kamar a gasa burodi. Mun fara hawa, injin ya kama gurnaninsa, Torika tana ba da labarin mamacin. Can sai na ji wani abu. Ba daga gaba ba. Daga ƙarƙashin gwiwar hannuna na dama, siririn kuka, kamar an toshe wa jariri baki da matashi. Na ce su yi shiru. Torika ta ce ita ake gaya wa? Na ce don Allah, uwargida, minti ɗaya.

Fanka ce. Ƙaramar fanka tana gudu iya ƙarfinta, ba ta samun abin ja. Na shafa gefen kujera kusa da ƙofa, sai na ji tamfol ya lotsa ciki, wani abu yana tsotsarsa.

Na ciro wuƙar aljihu na farke. A ƙarƙashi akwai 'yar taga mai raga, faɗin tafin hannu. Ina buɗewa ta ja iska har ta ɗauke mini takardar alewa daga cinya. Ta nan batirin yake shaƙar iskar da ke sanyaya shi. Sai maganar kofi biyu ta dawo mini gaba ɗaya: batirin ya yi zafi, kwamfuta ta janye shi daga aiki don kada ya ƙone, ta bar injin fetur shi kaɗai da garma a kan tudu. Kwana goma sha tara motar tana kuka, ni ina can gaba da sukundireba a kunne.

Tamfol ɗina. Ɗaurina da nake taƙama da shi.

Da na so, sai in yi shiru. Sai in ce na gano wata 'yar matsala na gyara, a tasha a ce kunnen Gaffar har bebiya yana ji. Wallahi na yi tunanin haka, har kusan kilomita guda.

Da ya tsaya sauke tabarmi na ce, "Tavale, ni na shaƙe ta."

Na nuna masa. Ya duba tagar, ya duba tamfol, ya duba ni. Ya tada mota ya dawo da mu Nausori, idonsa a kan titi. Da ma ya zage ni.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Na sayi ƙunshin saiwar yangona a kasuwa, mai kyau, wadda su Ilaitia suke jiƙawa su sha a zaman al'ada, na sa riga mai tsabta, na tafi gidansu da yamma. Ni ba na sha, shayi ne nawa, amma na zauna cikin mutanen nan tsawon raina, na san yadda ake neman gafara. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa kan tabarma, na tura ƙunshin gabansa, na faɗi laifina da bakina: na toshe masa mota, na riƙe shi mako biyu don girman kai, na sa an yi masa dariya a tasha.

Ya ɗora hannu a kai, ya yi tafin al'adarsu mai zurfin amo, ya ce ya wuce, ba a sake tada shi. Sannan ya koma Ilaitia na kullum.

"Kai dai ko kyauta ka yi sai ta yi kisa. Allah ya tsare mu da ranar da za ka yi mugunta."

Muka yi dariya. Torika ta kawo mini shayi da dafaffen rogo. Ina ɗaure takalmi ya dafa kafaɗata ya ce, "Tawa mai sauƙi ce, tavale. Akwai wadda ya kamata ka kai wa irin wannan tun kafin ni."

Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 26 ga Fabrairu

Fanka tana numfashi, motar ta ɗan farfaɗo, amma jar fitilar tana nan. Abin ya taɓa batirin. Nan kuwa hannuna ba ya zuwa.

Na ɗauki waya sau huɗu. A na biyar Hasina ta fizge ta danna lambar ta manna mini a kunne. Na ce, "Beti, 'yata, akwai wata mota." Shi ke nan abin da ya fito.

Ta ce gobe da safe.

Laraba, 27 ga Fabrairu

Ta zo a bas ɗin farko da akwatin kayan aikinta. Ta gaida Ilaitia da sunan kawu a yarensu, "Momo, ashe ango ne ba a gaya mana ba," ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ta ga tamfol a farke, ta ga tagar. Ta dube ni daƙiƙa ɗaya. Sai ta buɗe akwatinta.

Ba wurin aiki sai lungun giyoyi, nan ne kawai ƙasa take a bushe. Ni da Ilaitia muka ja guda huɗu gefe.

Na tsaya ina kallo, hannu a baya. Ta jona na'urarta, motar ta zayyana mata duk abin da ke damunta a rubuce. Ta cire zobe da agogo. Ta hura safar hannu ta roba kamar balan-balan ta kara a kunci, ko akwai huda. Ta zare wani toshe mai ruwan lemo daga jikin batirin ta jefa a aljihunta, wai don kada wani mai karambani ya mayar. Ta ce mu jira minti goma wutar ta kwanta, ta kuma gwada da mita kafin ta taɓa komai. Ashe batirin ba ɗaya ba ne, jerin ƙanana ne kamar yankan burodi. Uku na tsakiya, inda zafi ya fi taruwa, sun kumbura. Ta ce za a samu a Suva, sauran sun tsira.

"Wa ya gano fankar?" ta tambaya.

Ilaitia ya nuna ni da leɓe. Ta ce a garejinsu sai na'ura ta faɗa musu, ba mai jin wannan kukan daga cikin mota tana tafiya. Na juya na hau tattara kayan aiki.

Da ya tafi na tsaya ina goge sufanar da ba ta da datti. Na ce, "Lungun nan... in an kwashe sauran, zai ɗauki mota biyu."

Ta daɗe tana naɗe waya.

"Abba, na ba su amsa tun ranar Litinin. Shekara uku ne."

Litinin. Ina can zaune a tabarmar Ilaitia.

Na ce to madalla, Allah ya sa alheri. Na shiga ofis na rufe ƙofa. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Asabar, 2 ga Maris

Ta sa sababbin ukun. Ilaitia ya hau Sawani da mata huɗu da ƙaguwa, ya dawo yana ta hon tun daga gada.

Asabar, 9 ga Maris

Tana zuwa duk Asabar kafin tafiyar. Ba koyo nake ba, miƙa mata kaya nake. Ta sa na zare toshen sau ashirin, ta ce hannun hagu a aljihu. Na ce ni na haife ta. Ta ce wutar ba ta san da haka ba.

Safarta ba ta shiga hannuna, yatsu biyu kawai. Ta ce ba komai, sauran aikin yau kallo ne.

Alhamis, 28 ga Maris

Mun raka ta filin jirgi. Ilaitia ya kai mu, ya ƙi barin kowa ya ɗauki akwatin. Na zauna a baya. Ban iya cewa komai ba sai "ki riƙa cin abinci." Ta rungume ni ta ce ta bar mini kwali a ofis.

Ban buɗe ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Na kwashe sauran giyoyin, masu gwangwan sun zo sun ɗauka. Ba don komai ba, ɓeraye ne suka yi yawa. Fentin da na shafa a ƙasa ma ragowa ne, zai bushe a banza.

Direbobi uku na tasha sun zo a sa musu tamfol, Ilaitia ya turo su. Yanzu ina yanka taga a gefe, Hasina tana bin bakinta da jan zare don kowa ya gani kada ya jingina buhu. Ɗayansu ya ce tasa tana ɗan shan mai. Na ce ya dawo jibi, zan dai duba, ban yi alkawari ba.

Shi ya sa na buɗe kwalin. Mita, littafi da rubutun hannunta, da safar roba sabuwa a leda. Na hura, na kara a kunci, na zura hannu. Ta zauna daidai, har babban yatsana da ya karkace. Na kai wa Hasina na ce yarinyar nan ta yi ɓarnar sayen sabuwa ana gobe za ta tafi.

Ba ta ɗago daga keken ba. "Ba sabuwa ba ce. Tun Sallar bara ta saya, ta auna da tsohuwar safarka ta walda. Tana ƙasan akwatin kayanta duk ranar da ta zo gidan nan."

Na koma gareji na rataye ta a ƙusar da Abba yake rataye hularsa.

Da la'asar ina ƙarƙashin mota, Ilaitia ya lallaɓo da motarsa zai maimaita mini tsokanar ranar farko. Tun daga bakin titi na ji shi. Akwai wani siririn zuƙi da take yi in tana tafiya da lantarki, ban san yadda aka yi da ban taɓa ji ba. Na ce, "Tavale, tayarka ta hagu tana son iska," ban ko fito ba.

Ƙarfe nawa ne yanzu a Brisbane? Hasina ta ce muna gabansu da awa biyu. Akwai abu ɗaya a shafi na huɗu na littafinta da ban gane ba, shi kaɗai zan tambaya.